Hanyoyin Bincike a Ilimin Zamantakewa

Masana zamantakewa suna tattara bayani ta manyan hanyoyi biyu: ƙididdiga, wadda ke dogara da takardar tambayoyi da alƙaluma, da kuma zama cikin jama'a ana hira ana lura. Émile Durkheim na Faransa ya bi ta farko a nazarinsa na 1897 kan masu kashe kansu, inda ya gwada alƙaluman ƙasashen Turai da juna. Abner Cohen kuwa ta biyun ya bi, ya zauna da Hausawa dillalan shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan, littafinsa ya fito a 1969.

Wuyar aikin ƙididdiga tana wajen zaɓen waɗanda za a tambaya. A lissafi, mutum 384 sun isa su wakilci jama'a mai yawa, da kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba a tabbacin kashi 95, amma sai idan ƙuri'a ce ta fitar da su daga cikakken jerin sunaye. A wuraren zaman Hausawa a Legas, kamar Agege, Idi-Araba ko kasuwar Mile 12, babu irin wannan jeri. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma 'yan ci-rani da yawa a shago ko masallaci suke kwana, da damina ta faɗi su koma gona. Binciken watan Agusta da na Fabrairu ba mutane ɗaya za su tarar ba. Don haka akan yanka unguwa gunduwa-gunduwa, a zaɓi wasu ta ƙuri'a, a rubuta duk wurin kwana a cikinsu, sannan a ɗauki kowane na biyar ko na goma. Dabarar "wannan ya kai ka wurin wancan" ta fi sauƙi, sai dai kowa ɗan garinsu yake nunawa.

Ita ma tambayar tana ɓata aiki. "Ku nawa ne a gidanku?" Wani zai lissafa abokan ɗakinsa a Legas, wani iyalinsa a Sakkwato. Maganinsa a fassara takardar zuwa Hausa, wani dabam ya mayar da ita Turanci a ga inda ma'ana ta kauce, a gwada ta kan mutum 20 zuwa 30. Tambayar kuɗin shiga takan sa a zaci haraji ne. Ta kuɗin cefane ta fi samun amsa.

Izinin Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa yana buɗe ƙofa, amma ba a hira a gabansa, kuma izininsa ba ya maye gurbin yardar wanda ake tambaya. Matan kulle sai mace 'yar'uwarsu.