Filankton da Ingancin Ruwa a Tafkunan Birane

Filankton su ne ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwa, waɗanda ba su da ƙarfin iyon da za su saɓa wa igiyarsa, kuma yawancinsu ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma. Masani Bajamushe Victor Hensen ne ya raɗa musu wannan suna a 1887. Sun kasu gida biyu: akwai na tsiro masu haɗa abincinsu da hasken rana, kamar dayatom da koren gansakuka da siyanobakteriya, akwai kuma na dabba masu cin na tsiron, kamar rotifa da Daphnia, waɗanda su kuma abincin ƙananan kifaye ne.

Tafkin birni yakan kasance marar zurfi, ruwansa a kwance, ga shi kuma nan ne matattarar lambatu da kwatami. Najasa da ruwan wanki da takin zamani da dattin da ruwan sama ke wankowa daga tituna duk suna ɗauke da sinadaran fosfaras da naitirojin, waɗanda taki ne ga filankton na tsiro. Gwajin da masani David Schindler ya fara a 1973 a Tafki na 226 da ke Ontariyo ta ƙasar Kanada ya fayyace wanda ya fi ɓarna a cikinsu. An raba tafkin biyu da labulen roba, aka zuba kabon da naitirojin a kowane ɓangare, aka ƙara fosfaras a ɓangare guda kawai, kuma wannan ɓangaren ne kaɗai ya rine ya zama kore shar.

Idan abinci ya yi yawa, ruwa ya ɗumama, iska kuma ta kwanta, siyanobakteriya ne suke danne sauran. Wani jinsinsu mai suna Microcystis yana da 'yan jakunkunan iska a jikinsa da ke taso da shi sama, inda yake taruwa ya yi kauri kamar an malala koren fenti, ya tare wa tsirran ƙasan ruwa haske. Da rana waɗannan halittu suna fitar da iskar oksijin, da dare kuwa shaƙarta suke yi, sannan idan sun mutu ƙwayoyin da ke ruɓar da su sukan cinye ɗan abin da ya rage. Shi ya sa aka fi tarar da matattun kifaye birjik a bakin tafki da asuba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dafin maikirosistin da wasunsu ke fitarwa, wanda ke lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikirogiram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, cikin kowace litar ruwan sha. A 2007 yaɗuwar jinsin Microcystis a Tafkin Taihu ta hana mutane wajen miliyan 2 na birnin Wuxi a ƙasar Sin ruwan famfo, haka kuma a watan Agusta na 2014 aka hana mutane fiye da 400,000 a Toledo ta Amurka shan ruwan da ake jawo musu daga Tafkin Erie har kusan kwana 3.

Masu nazari suna darajanta filankton a matsayin ma'auni, domin gwajin sinadarai yana nuna halin ruwa ne a lokacin da aka ɗebe shi, alhali ire-iren halittun da ke ciki suna ba da labarin makonnin da suka shige. Yawan manyan Daphnia alama ce ta ruwa mai garai, rinjayen rotifa na jinsin Brachionus kuwa yakan nuna cewa abinci ya wuce kima. Ana haɗa wannan da awon sinadarin kulorofil, wanda ke sa tsirrai yin kore, da kuma faifan Secchi, wato farin faifai da ake zurawa da igiya har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin.

Maganin da ya tabbata shi ne toshe dattin daga tushensa. Tafkin Washinton na birnin Siyatil a Amurka ya fara lalacewa a shekarun 1950, amma bayan gargaɗin masani W. T. Edmondson aka karkatar da najasar da ke kwarara cikinsa tsakanin 1963 da 1968, ruwan ya washe, ya kuma ƙara yin garau lokacin da Daphnia suka yawaita a 1976. Sai dai wannan tafki mai zurfi ne. A tafkuna marasa zurfi laka takan riƙe fosfaras na shekara da shekaru, ta riƙa sako shi duk lokacin da oksijin ya yi ƙaranci, don haka farfaɗowarsu takan ɗauki shekaru 10 ko fiye. A irinsu akan yashe lakar, ko a rage kifayen da ke cin Daphnia da masu tonon ƙasa, a kuma dasa tsirran ruwa a gaɓa domin su tace abin da lambatu ke kawowa kafin ya shiga tafkin.