Hayar gida mai tsada a Katsina: abin da doka ta tanada da abin da ta bar wa yarjejeniya

Wanda zai kama fulat na alfarma a GRA ko Barhim ko Ƙofar Ƙaura, irin mai na'urar sanyaya ɗaki da rijiyar burtsatse da sola da maigadi a bakin ƙofa, yakan ɗauka cewa yawan kuɗin da ya biya ya ba shi wata kariya ta musamman. Ba haka abin yake ba. Dokar haya ba ta bambanta mai biyan miliyoyi da mai kama ɗaki ɗaya a cikin gari, kuma galibin abin da ke haddasa rigima a manyan gidaje doka ta bar shi ne ga abin da mutane biyu suka rubuta suka sa wa hannu.

Kafin kuɗi ya fita daga hannu, wajibi ne a san wanda ake hulɗa da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, shi ne kuma ke ba da takardar shaidar mallaka, saboda haka babu rashin kunya idan mai neman haya ya ce: "Alhaji, a taimaka a nuna mini takardar gidan." Idan dillali ne ke magana, a nemi shaidar cewa mai gida ya wakilta shi, a biya kuɗin haya ta banki, a kuma karɓi rasit mai ɗauke da ranar fara haya da ranar ƙarewa. La'adar dillali, wadda aka saba yanka ta a kashi 10 cikin 100, al'adar kasuwa ce kuma ana iya ciniki a kanta. Haka nan dokar haya ta Legas ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ba ta aiki a Katsina, ko da yake ana yawan kafa hujja da ita a intanet.

Inda doka ta fi yin magana dalla-dalla shi ne batun tashi. Ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ita ce mai biya mako-mako a ba shi notis na mako ɗaya, mai biya wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara-shekara kuwa wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai garzaya kotu. Amma a lura da kyau, domin a nan ne masu kama gidaje masu tsada suka fi faɗawa: idan yarjejeniyar ta ce notis na wata ɗaya ya wadatar, kotu za ta bi abin da aka rubuta, wata shidan nan ya tafi. Idan kuma an rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, daga rana kaza zuwa rana kaza, to cikar ranar ita ce ƙarshenta, takardar kwana bakwai kaɗai ta rage. Layi guda a shafi na uku, wanda mutum ya tsallake don yana ɗokin karɓar makulli, yana iya sa shi neman gida da iyali a tsakiyar zangon karatun yara.

Duk da haka, mai gida ba shi da ikon korar kowa da hannunsa. Sauya kwaɗo, yanke wuta ko ruwa, cire ƙyaure, ko umartar maigadi ya hana ɗan haya shiga, duk saɓa doka ne ko da ana bin sa bashi, kuma yana iya neman diyya. Kotun Ƙoli ta ja kunnen gwamnati ma kanta a kan irin wannan a 1986, a shari'ar gwamnatin soja ta Legas da Ojukwu kan wani gida a Ikoyi. Shi ma ɗan hayan da ya zarce wa'adi ba zaman kyauta yake yi ba, kotu za ta sa shi biyan kuɗin kwanakin da ya ƙara. Ƙarin kuɗin haya kuwa ba ya hawa kan mutum a tsakiyar wa'adin da ya riga ya biya, sai da amincewarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗaɗen da ke biye da kuɗin haya, waɗanda a irin waɗannan gidaje suna da nauyi ƙwarai. Akwai kuɗin hidima na man janareta da albashin maigadi da kwashe shara da gyaran famfon burtsatse, akwai kuma kuɗin ajiya da ake riƙewa saboda ɓarna. A rubuta abin da kuɗin hidima ya ƙunsa, da sa'o'in da janareta zai yi aiki, da wanda zai sayi batirin sola idan ya mutu, da lokacin da za a nuna wa mazauna lissafi. A ranar shiga a zagaya tare da mai gida ko wakilinsa, a ɗauki hoton tayil da ya tsage da na'urar da ba ta sanyi, a duba ko akwai tsohon bashin KEDCO a kan mita, a lissafa komai a takarda, kowa ya sa hannu. Ba tare da wannan ba, ranar tashi za a ce duk ɓarnar ta ɗan haya ce, kuɗin ajiyar kuma ya maƙale.

Rasit yana da wani amfanin kuma. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, iyakarsa naira 500,000, wanda ake cirewa daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji. Hayar da ta wuce shekara uku kuwa tana buƙatar cikakkiyar takarda irin wadda lauya ke tsarawa, kuma ko ta shekara ɗaya ce, ya kamata ɗan haya ya kai wa nasa lauyan ya karanta, tun da lauyan da ya rubuta ta mai gida yake wa aiki.