Fitilar Zenon a Mota: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Gyaran wutar mota shi ne sana'ata a nan Maradi, kuma da wuya mako ya wuce ba a tsare ni da tambayoyi iri ɗaya a kan fitilar zenon ba, wadda ake rubuta HID a jikin kwalinta. Na tara amsoshin a nan domin duk wanda ya sake tambaya in nuna masa rubutun, in koma kan aikina.

Tambaya: Shin mai shuɗin haske ta fi ƙarfi?

A'a. Lambar da kuke gani a kwali, 4300K ko 6000K ko 8000K, launin hasken take nunawa, ba yawansa ba. Masu ƙera motoci suna sanya wadda take kusa da 4300K, fara mai ɗan ratsin ruwan ɗorawa. Idan lambar ta hau sosai, shuɗi yana ƙaruwa, hasken da yake sauka a kan kwalta kuma yana raguwa. Wanda ya sayi 8000K ado ya saya, kuma zai gane haka a daren da hazon hunturu ya rufe hanyar Tasawa.

Tambaya: Mene ne bambancinta da halojin?

Ƙwan halojin yana da siririn zare a ciki wanda yake yin ja har ya ba da haske. Na zenon ba shi da zare, tartsatsin lantarki ne yake tsallakawa tsakanin ƙarafa biyu a cikin ɗan kwalba mai iskar zenon da gishirin wasu ƙarafa. Ƙwan zenon mai wat 35 yana ba da lumen (ma'aunin yawan haske) wajen 3,200, alhali halojin H7 mai wat 55 ba ya wuce wajen 1,500. Ba sabon abu ba ne, tun 1991 kamfanin BMW ya fara sanya shi a manyan motocinsa.

Tambaya: Zan iya canza ƙwan da kaina?

Idan ba ka san aikin ba, kada ka yi. Ɗan akwatin da muke kira balas yana ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa sama da 20,000 a lokacin kunnawa. A kashe fitila, a zare makulli, a jira ƙwan ya huce, kuma kada yatsa ya taɓa gilashinsa. Ƙwai masu lamba D1 da D2 suna da sinadarin makuri mai guba a ciki, don haka ba abin da za a bar wa yara su fasa a bayan gareji ba ne.

Tambaya: Motata da halojin ta zo. Zan iya sanya mata zenon?

Nan ne ake ja da ni, kuma amsar ba ta yankuwa da kalma ɗaya. Ƙwan zai shiga ramin, zai kuma kama, wannan ba gardama. Matsalar tana ga gidan fitilar. Madubin da yake bayan ƙwan halojin an lanƙwasa shi ne daidai da wuri da siffar wancan zaren, shi kuwa tartsatsin zenon siffarsa daban ce, ga shi haskensa ya ninka. Sai hasken ya watse sama da gefe, ya shiga idon mai tahowa ko da kana kan kod, wato hasken ƙasa. Kai da kake ciki za ka ga gabanka fes kamar rana, amma nesa ba ta ƙaru yadda kake zato ba.

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mini Hilux ɗinsa yana ƙorafin cewa duk motar da ya gamu da ita a hanyar Ɗan Isa sai ta yi ta ƙyafta masa fitila. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a dawo bayan isha'i." Muka tsayar da motar taku goma daga bangon gareji, muka kunna kod. Fitila mai kyau tana yanka layi a bango, ƙasa haske, sama duhu, da ɗan tashi ta hannun dama. Tasa kuwa har rufin kwano ta haska. Na roƙe shi ya je ya tsaya jikin bangon ya dubi motarsa, bai yi daƙiƙa biyar ba ya kare fuska da hannun riga. Ku tuna da direban da aka kashe wa ido haka, ga amalanke ba fitila a gefen hanya, ga mai kabu-kabu da goyo biyu.

To, idan gidan fitilar taka mai ƙwayar gilashi ce kamar idon bijimi, lamarin da sauƙi, domin akwai ƙarfe a ciki da yake yanke hasken sama. Ko a nan ma ba na cewa eh kai tsaye, saboda wasu ƙwayoyin don halojin aka yi su, kuma sai an gwada a bango ake sanin gaskiyarsu. Abin da ya fi shi ne a canza gidan gaba ɗaya da wanda aka ƙera don zenon, a ja waya daga batir ta hanyar rele da fis, tun da balas yana zuƙar wuta da yawa a farkon kamawa, sannan a saita hasken ya sunkuya wajen santimita 10 a tazarar mita 10. A Turai doka ta wajabta wa irin wannan fitila na'urar daidaita kanta da ta wanke gilashi, saboda kaya a baya suna ɗaga hancin mota, ƙura a gilashi kuma tana watsa haske. Mu da muke lodin buhunan gero mu bi ta ƙura mun fi su bukatar wannan lura. Idan kuɗin bai kai ba, ƙwan halojin mai kyau da goge gilashin da ya dushe sun wadatar da yawancin masu tambayar.

Tambaya: Me ya sa ba ta cika haske nan take?

Haka take. Gishirin da yake ciki sai ya yi zafi, kuma wannan yana ɗaukar 'yan daƙiƙu. Ku daina kunnawa da kashewa a jere, kuna rage mata kwana ne.

Tambaya: Ɗaya ta koma ruwan hoda, tana ƙyaftawa. Balas ya mutu?

Kwantar da hankalinka, galibi ƙwan ne ya tsufa. A musanya na hagu da na dama, idan matsalar ta bi ƙwan, shi ne, idan ta tsaya a wurinta, a duba balas da wayar ƙasa. A canza biyun tare, in ba haka ba launinsu zai bambanta.

Tambaya: Babur da tarakta fa?

Babura da yawa fitilarsu daga injin take shan wuta kai tsaye, balas kuwa wutar batir yake so, ga batir ɗin ƙarami, don haka ban cika ba da shawara ba. A tarakta da motocin haƙa tana jure girgiza tun da ba ta da zaren da zai tsinke, sai dai a ɗaure balas inda ruwa da zafin injin ba za su same shi ba. Ga mai sayen sabuwar fitilar aiki a yau, LED nake nuna masa, domin ita tana kamawa nan take.