Tallafin tafiya ga likitocin tiyata masu neman ƙwarewa

Tallafin tafiya kuɗi ne da ƙungiyoyin likitoci, jami'o'i da gidauniyoyi ke ba likitan da ya gama makarantar likitanci amma yake cikin shekarun koyon tiyata, domin ya je aikin jinƙai a wuraren da likitocin fiɗa suka yi ƙaranci. An fi sanin tsarin a Amurka, Kanada da Birtaniya. Kuɗin bai kai albashi ba. Tikitin jirgi yake ɗauka, da biza, masauki da allurar rigakafi irin ta zazzaɓin shawara, kuma sau da yawa sai matafiyin ya cika daga aljihunsa.

Buƙatar da ta haifar da shi ba ƙarama ba ce. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya, kuma duniya na buƙatar ƙarin tiyata miliyan 143 duk shekara. A shekarar ce kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 68.15, wanda ya sa tiyatar gaggawa da allurar barci cikin muhimman ayyukan kiwon lafiya.

A Amurka akwai wani dalili na daban. Koyon tiyata ta gama-gari shekara 5 ne, kuma babban kaso na kuɗin horon yana fitowa ne daga Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin ƙasar, wanda ba ya biyan watannin da ɗalibi ya yi a ƙetare. Tun 2011 hukumomin horon tiyata suka yarda a lissafa irin wannan zama cikin karatu, bisa sharaɗin ƙwararren likita ya sa ido a kansa. Izini ya samu, kuɗi kuwa sai a nemo. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, American College of Surgeons, ta kafa shirin Operation Giving Back a 2004 don haɗa masu sa kai da wuraren aiki, ita ma gidauniyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta ƙasar tana ba ɗalibai tallafin tafiya. Mai nema kan kawo takardar shugaban sashensa, da bayanin inda zai je da wanda zai kula da shi, in ya dawo ya rubuta rahoto.

Abin da ɗalibin yake tararwa a can ya bambanta da abin da ya saba. Yaro ne za a kawo cikinsa ya kumbura kwana da kwanaki saboda taifot ta huda hanji, babu na'urar ɗaukar hoton ciki ta zamani, sai hannu da ido da tambayar uwa ta bakin tafinta. Ga gwaiwa da maƙoƙon da suka shekara goma suna girma, ga karayar da ta fara biyawa ta wajen mai ɗori. Gaskiyar magana, a makonnin farko baƙon ya fi ƙaruwa da asibitin fiye da yadda asibitin ke ƙaruwa da shi.

Nan ne sukar ta fi ƙarfi. Wanda ya zo na sati biyu kan tafi kafin a warware ɗinki, in ciwo ya ruɓe ma'aikatan gida ne da ɗawainiya. Akwai kuma fargabar ɗalibi ya taɓa aikin da ba za a bar shi ya yi a ƙasarsu ba, ko ya tare wa ɗaliban gida gurbi a ɗakin tiyata. Shi ya sa masu ba da tallafin suka fi karkata ga asibitocin da ke da daɗaɗɗiyar hulɗa da jami'a guda, kamar yadda Jami'ar Vanderbilt ke tura ɗalibanta asibitin Kijabe a Kenya. Ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, kuwa sai wanda ya kammala ƙwarewa take ɗauka aikin fiɗa.

A ƙasar Hausa, asibitin Galmi da ke jihar Tawa a Nijar, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana karɓar likitoci baƙi, yana kuma horar da likitocin tiyata 'yan Afirka ƙarƙashin PAACS, shirin Kiristoci na horar da likitocin tiyata a Afirka. Sai dai hanyar ta fi buɗewa ta ɓangare ɗaya. Likitan Afirka da ya samu gayyata zuwa asibitin Amurka, in ya tsallake wahalar biza, galibi kallo kawai doka ta ba shi damar yi, ba ya riƙe wuƙa.