Finafinan 'Yan Mafiya: Amsar Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Na daɗe ina tura wa mutane finafinai a waya a ɗan shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, kuma waɗannan tambayoyi na amsa su har bakina ya gaji. Ga su a rubuce. Wanda ya sake tambaya, nan zan nuna masa.

Mafiya gaskiya ce ko ƙirƙirar masu fim?

Gaskiya ce. Ƙungiyar asiri ce ta masu aikata manyan laifuka, asalinta tsibirin Sisili na Italiya, daga can ta bi 'yan ci-rani zuwa Amurka.

Da wane fim zan fara?

The Godfather na 1972. Da yawa daga na bayansa, har da Sarkar na Indiya na 2005, a rijiyarsa suka sha ruwa.

Ai dai ba sa taɓa mata da yara, ko Yaya?

Wa ya gaya maka? Wannan magana tana ɓata mini rai. A 1993 'yan mafiyar Sisili suka sace Giuseppe Di Matteo, yaro ɗan shekara 12, don ubansa ya fara ba hukuma bayani. Kwana 779 yana hannunsu kafin su kashe shi. A 1992 da suka tayar da bam a hanyar alƙali Giovanni Falcone, har da matarsa suka hallaka. Kai da kake Katsina lokacin da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, kai ne za ka ce mini ɗan ta'adda yana da iyaka?

Me ya sa ake sumbatar hannun bos?

Mubaya'a ce. Ka duba farkon The Godfather: ana bikin 'yar bos a waje, shi yana ɗaki, mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya da kokensu kamar zaman fada. Ya share maka hawaye bai karɓi ko sisi ba, amma daga ranar ka zama nasa.

Da gaske a Jafan ake yanke yatsa?

Eh, 'yan yakuza, wato mafiyar Jafan. Gaɓar ƙaramin yatsa, don neman afuwar ubangida.

Abokina ya fara yi wa mutanen daji aike, fetur da burodi da katin waya. Ni kaɗai na sani. In na faɗa, na ci amana?

Zauna, ƙanena. Wannan ce ta sa na yi rubutun. Wani yaro ya yi mini ita bayan isha'i ina haɗa kaya, yana ta juya waya a hannu, ya kasa kallon idona.

A finafinan nan akwai dokar da suke kira omerta: ba ka magana da hukuma ko za a yanka ka. Fim yana sa mata rigar mazantaka, ku kuma kuka fassara ta da amana. Ba amana ba ce, tsoro ne, kuma na sama take karewa. Rufin asirin da muka gada shi ne ka suturta ɗan'uwanka kan abin da ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Wannan fetur kuwa a babur za a zuba shi a shiga ƙauyen wani a Batsari ko Jibiya. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi, kuma ya bayyana cewa taimakonsa shi ne ka hana shi zaluncin.

To amma ba zan ce maka ka tashi ka yi ta shela ba. Haɗarin gaskiya ne. Tommaso Buscetta, ɗan mafiyar Sisili da ya buɗe baki a 1984 har aka yanke wa mutum sama da 300 hukunci a babbar shari'ar birnin Palermo, ya samu kariyar gwamnati. Kai ba ka da ita. Saboda haka ya danganta. In abokin naka sabon shiga ne, kuma talauci ko barazana ce ta ja shi, wataƙila mahaifinsa ko kawunsa zai iya janye shi tun da wuri, ko a tura shi wani gari wajen dangi. In ya yi nisa, kada ka tunkare shi kai kaɗai, kada ka rubuta a Facebook, kada ka faɗa a majalisar mai shayi. Ka nemi babba guda ɗaya mai riƙe magana, mahaifinka ko limaminku, shi ya san ƙofar da zai bi zuwa ga hukuma ba tare da sunanka ya fito ba. Ko shi ɗin ka auna shi tukuna. Kuma daga yau kada ka ajiye masa kaya, kada kuɗinsa ya bi ta asusunka.

Ka kwantar da hankalinka, damuwar da ta hana ka barci alama ce ta cewa zuciyarka na da rai.

To za ka tura mini fim ɗin?

Shekararka nawa? In ba ka kai 18 ba, a'a. Kada ma ka aiko yayanka.