Waiwaye: Ina kason bincike a asusun tsaron intanet?

A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet suka cika unguwannin Legas, hukumomi sun ɗauki tsaron intanet a matsayin farautar 'yan 419. An kafa EFCC, hukumar yaƙi da laifukan kuɗi, a 2003, sannan dokar damfara ta 2006 ta wajabta wa masu shagunan rubuta bayanan abokan cinikinsu. Hankali ya tattara ne a kan kamu da gurfanarwa.

Sai a 2014 aka fitar da manufar tsaron intanet ta ƙasa, a 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet. Sashe na 44 ya kafa asusu a Babban Bankin Nijeriya, wanda za a riƙa zuba wa kuɗi daga hada-hadar da ake yi ta na'ura, a ƙarƙashin kulawar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Dokar ta yi tanadin tallafa wa manyan makarantu su buɗe cibiyoyin bincike, ta kuma ba da damar kashe har kashi 40 cikin 100 na asusun wajen yaƙi da tsattsauran ra'ayi, amma ba ta yanka wa bincike nasa kason ba. A ganina, daga nan gizo yake saƙa.

Bayan gyaran dokar a 2024, Babban Banki ya umarci bankuna a watan Mayu su fara cire kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da aka tura ta na'ura domin wannan asusu, jama'a suka yi ca, gwamnati ta dakatar da harajin cikin 'yan kwanaki. Muhawarar ta ƙare a kan nawa za a cira, ba a tsaya an tambayi abin da za a yi da kuɗin ba.

Alhali kuwa barazanar ta riga ta shigo kasuwa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mai sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da dillalin shanu a Agege, duk a Legas, suka koma karɓar tiransifa da POS, ko suna so ko ba sa so. Abin da ke cinye musu jari shi ne alat na bogi da ake nuna musu a fuskar waya ana tsakiyar ciniki, da satar layi, da kuma mai kira da Hausa tsantsa yana cewa daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Da yawansu ƙaramar waya suke riƙewa, saƙon gargaɗin banki kuma da Turanci yake zuwa.

Saboda haka, duk tsarin da za a yi nan gaba ya kamata ya rubuta kason bincike ƙarara a doka, a kuma riƙa bayyana wa jama'a jami'ar da ta karɓa da aikin da ta yi. Cikin wannan kaso, a fara da nazarin damfarar da ake yi da harsunan gida, da ƙarfafa tsaron tura kuɗi ta USSD (lambobin da ake dannawa a waya ba tare da intanet ba), kuma a wajabta wa bankuna ba masu bincike bayanan damfarar da aka kai musu rahoto, bayan an goge sunayen masu asusun.