Grand Oral: Jarrabawar Baka ta Shiga Makarantar Lauyoyi a Faransa

Grand oral ita ce babbar jarrabawar baka da ɗalibin shari'a ke yi a Faransa kafin a ɗauke shi makarantar horar da lauyoyi, wadda aka fi sani da CRFPA. Ana yin ta a cibiyoyin nazarin shari'a na jami'o'i, galibi a watan Nuwamba, kuma sai wanda ya haye jarrabawar rubutu ta watan Satumba ake kira. Ƙa'idar da aka fitar ranar 17 ga Oktoban 2016 ce ta shimfiɗa tsarin da ake bi yanzu. Sau uku kacal aka yarda mutum ya gwada sa'arsa.

Yadda ake yin ta

Akan ba ɗalibi batu a kan kare 'yanci da haƙƙoƙin ɗan Adam, a bar shi awa ɗaya ya shirya. Daga nan ya yi jawabi na minti 15, sannan a yi minti 30 ana yi masa tambayoyi. Mutum uku ke zama a gabansa: malamin jami'a, da alƙali, da lauya. Ƙofa a buɗe take, kowa na iya shiga ya saurara. Makin 20 ne, amma ana ninka shi sau huɗu, abin da babu wata takarda a duk jarrabawar da ta samu.

Abin da ake karantawa

Tushen karatun shi ne Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1789, da gabatarwar kundin tsarin mulkin 1946, da kundin 1958, da Yarjejeniyar Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta 1950 tare da hukunce-hukuncen kotunta da ke Strasbourg. Sai dokoki irin su ta 'yancin jarida ta 1881 da ta raba addini da gwamnati ta 1905. Haddace su kawai ba ya wadatarwa, domin abin da masu jarrabawa ke nema shi ne inda 'yanci ya tsaya, wa ke da ikon taƙaita shi, kuma gaban wane alƙali wanda aka tauye zai kai kuka. Idan batun hana taro ne, ana sa ran ɗalibi ya kawo hukuncin da babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke a shari'ar Benjamin a 1933, wanda ya ce hukuma ba ta hana taro matuƙar akwai mataki mai sauƙi da zai kare zaman lafiya, ya kuma ambaci ƙarar gaggawa da alƙali ke yanke wa hukunci cikin awa 48. Bin labaran yau da kullum ma wajibi ne, don tambayoyi da yawa daga can ake ɗebo su.

Shiri da inda ake tuntuɓe

Al'adar Faransa ita ce jawabi ya zo da gabatarwa, a fito da tambayar da batun ya ƙunsa, sannan a raba shi gida biyu, kowanne da rassa biyu. A awa ɗayan nan ba a rubuta jawabi dalla-dalla, lokaci ba zai isa ba. Gabatarwa da kanun sassa ake rubutawa sosai, sauran a bar su a taƙaice, a fuska ɗaya ta takarda, a sa wa shafuka lamba. Wanda ya rubuta komai sai ya dinga karantawa kansa a sunkuye; wanda bai auna lokaci ba kuwa ana iya katse shi kafin ya taɓa kashi na biyu. Shi ya sa ake gwaji da agogo, da murya sama, a gaban abokan karatu.

Minti talatin ɗin tambayoyi sun fi wuyar shiryawa, kuma su aka fi yi wa sakaci. Masu jarrabawa kan bar batun su tsallaka zuwa tarihin shari'a, ko tsarin kotuna, ko ladubban aikin lauya kamar riƙe sirrin wanda yake karewa. Wani lokaci da gangan suke musanta amsar da ke daidai, su ga ko ɗalibi zai janye. Idan an nemi ra'ayinsa kan abin da ake taƙaddama a kai, ya fara da abin da doka ta ce, ya kawo hujjar kowane ɓangare, sannan ya faɗi nasa. Abin da bai sani ba, gara ya ce bai sani ba, ya gwada gano amsar daga ƙa'idar da ya riƙe. Ƙirƙirar hukunci ko shekara a gaban alƙali nan take ake gane shi.